Bakwai na auna, uku na rubuta

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a ji ni har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ma'aikaciya ce a ɗakin haƙori na wani asibiti a Ƙonni. Lokotoronmu, wato likitan haƙori, daga Yamai yake zuwa sau ɗaya a wata, ni ke yin awo kafin ya iso. Wani siririn ƙarfe mai zane-zane muke zurawa tsakanin haƙori da dasashi. In ya tsaya a milimita biyu ko uku, lafiya lau, in ya nutse sosai, ƙashin muƙamuƙi ne ke zaizayewa. Abin da na rubuta a karne, wato katin asibiti na mara lafiya, shi lokotoro ke dubawa ya ce a ɗauki hoton ƙashi ko a bari.

Gwaggona, yayar babana da ta riƙe ni a Tajaye tun ina shekara huɗu, ta yi hajji a 2005, ta ƙara 'yan watanni wajen ɗanta a Jidda. Can aka cike mata giɓi da haƙorin Makka, irin wanda ake kafawa da ƙusa cikin ƙashi. Matar da ke rufe baki da mayafi in za ta yi dariya, ta dawo ko gaisuwar mutuwa ta je sai an ga zinariya. Bayan shekaru ta fara tofar da jini in ta yi asuwaki. Na zura mata ƙarfen, ya nutse har milimita bakwai. Na ce mata ƙila sai an cire. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, ni ba komawa zan yi ba. In an cire shi, mi zan nuna?" Sai na rubuta uku, na ba ta maganin kurkure baki. Bayan wata shida na samu takwas, na sake rubuta uku. Wace irin ma'aikaciya ce ni? Ni fa ke gaya wa mutane kullum ƙashin da ya tafi ba ya dawowa.

Watan jiya aka kawo ta kunci a kumbure, mugunya na fita, haƙora biyu na gefe suna girgiza. Lokotoro ya auna da kansa ya samu goma. Ya dubi hoton, ya dubi karne, ya ce ƙashin da yake lafiya wata shida baya ba ya cinyewa haka banza, yana tsoron ciwon daji ne. Ya rubuta takarda a kai ta Yamai a yanko ƙashin a bincika. Har yaba mini ya yi, wai ba don ina rubuta awo tsaf ba da ba a gane saurin ciwon ba. Na ce masa na gode. Kun ji rashin kunya?

Gwaggo ba ta san ƙaryata ce ta jawo wannan magana ba, ita daji kawai ta ji. Ta koma Tajaye ta rarraba zannuwanta, ta fito da likkafanin da ta wanko da zamzam, ko fura ba ta sha. Shekaranjiya ta aiko a kira ni, wai in yafe mata wahalar da ta ba ni. Ni za ta nemi gafara!

Na gaji, wallahi na gaji. In na gaya wa lokotoro, aikina ya tafi, ba mai ƙara buɗe mini baki a Ƙonni. In na yi shiru, za a yanka muƙamuƙin tsohuwa kan ciwon da ƙila birona ne ya rubuta shi, in ma tsoro bai riga ya kashe ta ba. Ran Litinin za a sa ta motar Yamai. Jama'a, me zan yi?