Mai Talatin a Gurbin Mai Goma

Litinin, 3 ga Maris
Wata ƙaramar mota ta dawo garejinmu yau, wayar rediyonta ta narke. Baba ne ya yi mata aiki makon jiya. Na buɗe akwatin fiyus, sai ga mai amfiya ashirin zaune inda aka rubuta goma a jikin murfi. Na gyara shiru, na ce wa mai motar waya ce ta tsufa. Ban gaya wa Baba ba. Mutumin da ya koya mini aikin rewaya tun kaina bai kai bonet ba, ta ina zan fara?

Laraba, 5 ga Maris
Hankalina ya ɗan kwanta. Wani direban tasi ya zo, fiyus ɗin hon ɗinsa sai yankewa yake yi. Ya ce a sa masa babba kawai ya huta. Baba ya ajiye filaya ya dube shi. Ya ce, "Ɗana, fiyus an yi shi ne ya mutu kafin waya ta mutu. In ka sa wanda ya fi ƙarfin wayar, shi zai zauna lafiya, motarka ce za ta ci wuta. In yana yankewa, ciwo ne a wani wuri, sai a nemo ciwon." Ya bi wayar da yatsa har ya gano inda ta goge a jikin ƙarfe. Baban da na sani ke nan. Wataƙila na Litinin kuskure ne irin na kowa.

Asabar, 8 ga Maris
Na ga Baba riƙe da koren fiyus, yana juya shi a rana kamar bai taɓa ganin irinsa ba. Ja goma, shuɗi sha biyar, kore talatin. Shi ya sa ni haddace su. Na kira Yaya a waya, ta ce ido ne, ai shekaru sun ja. Ni ma na ce ido ne.

Talata, 11 ga Maris

Bas ɗin da ke kwasar 'yan makaranta. Jiya ta zo ina wajen sayen batir, fitilun ciki ba sa kamawa, Baba ya duba ta. Yau da safe hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin dashbod, yara cike da mota. Direban ya tsaya a gefen titi ya fitar da su, ya cire kan batir da hannunsa, tafinsa ya ƙone. Ba yaron da ya ji ciwo. Na rubuta wannan don in riƙa dubawa: ba yaron da ya ji ciwo.
Aka jawo motar. Mai talatin a gurbin mai goma. Wayar fitilun siririya ce, ta goge a bakin ƙofa. Da mai goma ne a wurin, da ya yanke, shi ke nan. Wannan kuwa ya zauna daram, ko ɗigon baƙi babu a jikinsa.
Direban bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsaya gaban Baba da hannu a naɗe ya ce, "Baba, ni da na yarda da kai fiye da kowa." Baba ya dubi motar, ya dube ni. Ya ce, "Dogo, wace bas ce wannan? Ta taɓa zuwa nan?"

Laraba, 12 ga Maris
Na sake wa bas ɗin waya gaba ɗaya. Ban iya cin abinci ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Ni da Yaya mun kai Baba asibiti. Duk hanya addu'a nake a ce ido ne, a ba shi tabarau mu dawo. Ya karanta allon gwajin ido har layin ƙasa, wanda ni ma sai na matse ido. Ya juyo yana murmushi, wai na gani ko. Aka tura mu wajen wani likita. Ya tambaye shi ranar yau, ya faɗi abubuwa kaɗan ya ce ya riƙe, ya ce ya zana agogo. Baba ya tara lambobin duka a gefe guda. Yaya ta fita waje. Likita ya ce mantuwa ce daga ƙwaƙwalwa, magani zai iya rage mata gudu amma ba zai tsayar da ita ba. Ya ce kada ya ƙara taɓa aikin wuta.

Lahadi, 23 ga Maris
Na yi ta jan ƙafa, yau dai na faɗa masa. Yana tsakar gida yana goge tsohuwar tastarsa ta gwada wuta. Na durƙusa na ce, "Baba, ka huta haka, ni zan riƙe garejin." Ya ce, "Korata kake yi?" Na ce a'a. Ya ce to me ya yi. Na ba shi labarin bas. Ya ci gaba da goge tastar har na ɗauka bai ji ba, sannan ya ce, "Wane sakarai ne zai sa talatin a wayar fitila?" Ya daɗe yana kallon fuskata. Sai ya miƙo mini tastar, ya shige ɗaki.

Alhamis, 3 ga Afrilu
Ya zo gareji da ƙafa, sanye da kayan aiki, ya manta da maganarmu. Ba ni da zuciyar maimaitawa. Na zube masa kwalin fiyus na ce ya ware mini su kala-kala. Ya yi har la'asar, da natsuwa, harshe a gefen baki kamar yadda yake yi in aiki ya yi wuya. Da ya tafi na sake warewa. Mai walda da ke rumfar kusa da mu ya ga komai, ya kawar da kai.

Litinin, 21 ga Afrilu
Ya ɓata a hanyar gareji, hanyar da yake bi tun kafin a haife ni. Direban bas ɗin nan ne ya tsince shi a bakin kasuwa ya kawo shi gida. Ya riƙo shi da hannun da ya ƙone, har yanzu fatar ja ce. Matata ta ce daga yau za ta riƙa kulle ƙofar waje. Na ce mata ubana ne fa. Ta ce, "Na sani. Shi ya sa."

Talata, 6 ga Mayu
Aiki ya yi yawa yau, kuma komai ya tafi daidai. Ban buɗe akwatin fiyus na kowace mota sau biyu ba, ban saci kallon hannun kowa ba. Da rana na ji wani yana fito a ƙarƙashin wata mota, ashe ni ne. Na yi maza na daina.
Mai walda ya leƙo ya ce bencin da ke ƙarƙashin rumfa, wanda Baba yake zama, ko zan ara masa tunda ba mai zama. Kaina na cikin bonet na ce ɗauka. Sai da na zo rufewa na ga wurin fili, da sawun ƙafafun bencin a ƙasa.
A gida Baba ya ce, "Dogo, ya aiki?" Na ce lafiya lau, Baba. Ban yi masa ƙarya ba.
Gobe zan karɓo bencin. Ko jibi.