Ƙafar Auta Ta Tona Asiri

Zuwa ga Babban Ɗana,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka, kuma aiki bai hana ka salla a kan lokaci ba.

Sati uku ƙanwarka Auta tana ɗingishi. Ta ce a matakalar makaranta ta gurɗe. Kullum da safe ina gasa mata idon sawun da ruwan zafi, in murza da ƙarfi, in kora ta makaranta a ƙafa, don na ɗauka son jiki ne. Hoton ƙashi na farko bai nuna komai ba, sai na ƙara mata faɗa.

Jiya likita ya tura mu hoton da suke kira MRI. Aka sa ta cire ɗankunne da fil ɗin mayafi, aka tura ƙafarta cikin wata na'ura mai ƙara kamar injin niƙa. Da hoton ya fito, likita ya nuna mini wani farin tabo a ƙashin, da tsaga siririya kamar gashi. Ya ce faɗuwa ɗaya ba ta yin haka, sai gudun yau da gobe. Sannan ya tambaye ni shekara nawa tana buga ƙwallo.

Ƙwallo! Ni da na yi koyarwa a aji, ban san abin da ke cikin ɗakina ba. Ashe darasin yamman da take cewa tana zuwa, filin ƙwallo take tafiya, shekara biyu. Kuma ta ce kai ka saya mata takalmin. Ka ji kunya. Wanda ya taya yarinya ɓoye wa uwarta abu bai so ta ba.

Amma ba wannan ya hana ni cin abinci ba. Likita ya ce murzar da tafiyar ne suka buɗe tsagar. Da an ƙara sati biyu, sai tiyata. Da hannuna na yi, tana cije leɓe, tsorona ya hana ta magana.

An sa mata filasta, wata biyu ba taka ƙasa. Maganar ƙwallo ban yanke ba tukuna. Na dai tambaye ta lamba nawa take bugawa, ta fashe da kuka.

Ka zo ranar hutunka, akwai magana. Allah Ya shirye ku, Ya yafe mini.

Mahaifiyarka