Sha Biyar ga Maris

Al Nahda, Dubai
6 ga Maris

Zuwa ga tsohon mijina, Kaka Ɗalhatu,

Bayan gaisuwa da fatan gwiwar nan ta yi sauƙi. Tunda kunnenka ya daina shiri da waya, ga wasiƙa, ƙanena Muhyiddeen ya nuna maka a wayarsa.

Likita ta ce jaririn ya kwanta a gicciye, jinina kuma yana hawa, sai tiyata. Ta sa sha biyar ga wata. Da na faɗa a wurin aiki, wata Baturiya ta dafe ƙirji, wai tun zamanin Rumawa ranar baƙa ce. Na yi dariya a gabanta, amma abin ya zauna mini. Na roƙi a ɗaga zuwa ashirin, likita ta ce khalas, wato magana ta ƙare, jinkiri haɗari ne gare mu duka biyu. Maigidana Muhsin ya yi lallashi har ya gaji, ni kuma na ƙi sa hannu. Kai da ka koyar da tarihi shekara talatin, gaya mini gaskiya.

Matarka mai tsoro,
Maimunat

Zariya
9 ga Maris

Amaryata,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa na nan, ta fi ki biyayya.

Zauna ki ji. Rumawa na kiran tsakiyar kowane wata Idus, asalinsa ranar cikar farin wata. Ta Maris kuwa, wato sha biyar ga wata, ranar shaƙatawa ce. Sai su ɗebi abinci su tafi bakin kogi, kamar yadda kuka kai ni dam ɗin Hatta kuka cika ni da shinkafa. Kowa ya sha kofin giya adadin shekarun da yake fatan yi. Da a ce kofin shayi ne, da ni ma na je.

Sai aka yi wani shugaba, Kaisar. An ce boka ya gargaɗe shi da ranar, bai ji ba, 'yan majalisarsa suka taru suka daba masa wuƙa. Daga baya aka hana majalisa zama a ranar, marubuta suka yi ta maimaitawa har ta iso kunnen Baturiyarki. Ranar dai ba ta riƙe wuƙa ba. Abokansa ne.

Yanzu ga wanda babu a littafi. Kin san Larabgana, Larabar ƙarshen watan Safar, da mutanenmu ke cewa a ranar bala'i ke sauka, ko tafiya ba a yi. A ranar naƙuda ta kama kakarki A'i, ta ƙi ci gaba. Gwaggona ta tare ƙofa, wai a bari gari ya waye. Na saurare ta har la'asar, kuma har yau ina jin kunyar awannin nan. Da na ga leɓen A'i ya yi fari, na ɗauke ta muka yi asibiti. Likita ya ce da mun ƙara awa ɗaya, da biyu za mu binne.

Yarinyar da aka ciro ita ce uwarki. Ba mu taɓa gaya mata ba, kada a riƙa yi mata kallon 'yar baƙar rana. Ke ce ta farko da ta ji.

Ki sa hannu, Maimunat. Ranaku na Allah ne. Ni dai ban shirya zaman gwauro karo na biyu ba.

Ki gaida ɓarawon matata, Muhsin.

Mijinki na fari,
Ɗalhatu

Dubai
17 ga Maris

Kaka,

Ina gaisuwa daga gadon asibiti, rubutun a karkace, ka yi haƙuri.

Na sa hannu. An ciro shi ranar sha biyar da hantsi, namiji, yana tsala ihu. Muhsin ya yi masa huɗuba da Ɗalhatu. Shi ma ba shi da haƙori, amma kunnensa na ji, don haka na sake ka.

Na karanta wa Umma wasiƙarka a waya. Ta ce gobe tana hanyar Zariya, wai kuna da magana. Ka shirya.

Tsohuwar matarka,
Maimunat