Na Wanke Hajiya Ladi, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Magajiya Asabe ta unguwar Maamobi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya haskaka makwancinki, 'yarki Rabi ce. Labari na kawo miki: Hajiya Ladi ta rasu ranar Talata, kuma ni aka aiko wa in je in yi mata wanka.

Ba sai na tuna miki ita ba, amma masu karantawa su sani. Ke ce magajiyar matan jam'iyya tun daga Maamobi har Kotobabi, ita mataimakiyarki. Sai aka kawo doka majalisar gari, wadda za ta hana a tambayi mutum garin kakansa kafin a ba shi rumfar kasuwa ko a ɗauki ɗansa makaranta. Manyan jam'iyya suka ce kada kowa ya goyi baya, wai za a kira su jam'iyyar baƙi, a bari sai bayan zaɓe. Kansilanmu, Malam Garba tela, ya ɗaga hannu ya goyi bayan dokar tare da 'yan hamayya. Aka umarce ki ki kwashi mata ku je ƙofar shagonsa ku yi masa ihu.

Kika je ɗin, ke kaɗai, da ƙwaryar koko a ka, kika zauna a bencinsa har azahar. Abin da kika faɗa bai bar kunnena ba: “A nan unguwar Nima aka binne cibiyata, wane gari kuma zan nemo wa masu tambayar garin kaka?”

Kafin sati Ladi ta zama magajiya. Ita ta riƙa bi gida gida da Hausarta ta Zongo tana cewa, “Asabe ya sayar da mu.” Aka daina aiko mana goron biki da na suna. Matan da kika yi wa hanyar sayar da atamfa a kasuwar Tudu, in sun hango ki sai su tsallake kwata su sauya hanya.

Duk wannan na iya haɗiyewa. Ranar da kika cika ce ta tsaya mini a wuya. Ladi ta hana mata shigowa. Ni da tsohuwa Iya Fati, mai ido ɗaya, muka wanke ki, tana gaya mini yadda ake yi. Ruwan ma sai da ya huce, don babu mai miƙo mana.

A kanki na koyi wankan gawa, Inna. Yau a layinmu babu macen da za a sa a likkafani ban taɓa ta ba.

Na je gidan Ladi, ba zan ɓoye miki ba. Amma na ce ba zan fara ba sai matan jam'iyya na wancan lokaci, waɗanda suka rage, sun shigo ɗakin. Na ba wannan buta, na ba waccan zanen rufi ta riƙe. Duk gaɓar da na wanke sai in ɗago in ce, “Haka aka so ku yi wa uwata.” Babu wadda ta iya kallona. Na wanke ta tsaf, ban rage mata komai ba, don kada ta sami abin kai ƙarata gobe.

Da na ɗaure likkafani, babbar 'yar Ladi ta durƙusa ta kama ƙafata, ta ce in yafe wa uwarta don Allah. Na san da ke ce da kin ɗago ta, kin share mata hawaye. Ni na zare ƙafata na ce wanka haƙƙin gawa ne, na sauke. Yafiya kuwa ba tawa ba ce, taki ce, Inna, kuma ga Ladi nan tafe wurinki, ta roƙa da bakinta.

Allah ya jiƙanki, Innata, ya sanyaya miki ƙasa, ya haɗa ki da Iya Fati a Aljanna. Idan kun tsaya gabansa ke da Ladi, ki yi mini alfarma ɗaya: kada ki yi saurin yafewa, ki jira in iso in ba da shaida.

'Yarki da ba ta huce ba,
Rabi.