Ƙudan Zuman Iya

Asabar, 4 ga Satumba, 2004
Na je Baure gaida Iya. Wakenta ya yi fure sharr, amma tsutsa ta soma shiga. Na ce zan kawo magani daga shagona in yi mata feshi. Ta ce a'a, wai ƙudan zuman amyoyin marigayi Baba, waɗanda ke kan kanya, a furen nan suke kiwo. Shekara tara ina sayar da maganin ƙwari a Daura, ni za a koya wa.

Litinin, 6 ga Satumba
Na yi feshin da hantsi tana gidan suna. Don ita na yi.

Laraba, 8 ga Satumba
Nana, ƙanwata, ta aiko in zo. Na tarar da Iya durƙushe a gindin kanya, tana tsintar matattun ƙudan zuma ɗaya-ɗaya tana zubawa a faifai. Ya kusa cika. Har da malam-buɗe-littafi a ciki, da zanzaro. Wasu na ɗan motsa ƙafa.

Na tsaya jiran faɗa. Ba ta yi ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ɗago kai ta ce, "Lawal, ka ci abinci kuwa?"

Ina cin tuwon take cewa kabewarta ba ta ɗaure ɗa sai ƙudan zuma sun sauka a kan furenta. Ba da ni take ba, da murhu take magana.

Juma'a, 10 ga Satumba
Ban ji huɗuba ba yau. Hankalina na can.

Lahadi, 19 ga Satumba
Amya ɗaya cikin uku ta rayu. Alhamdulillahi. Iya na ajiye musu ruwa a kasko, da tsakuwa a ciki don kada su nutse. Ni na ɗauko mata kaskon. Ɗaya ya harbe ni a kunne, ta yi dariya har da tari. Ita ta cire mini ƙarin da farcenta, hannunta na rawa. Yaushe ta tsufa haka?

Alhamis, 23 ga Satumba
Malam Harisu, wani manomi daga Kongolam, ya zo sayen kwalba biyu. Sai na ji bakina na tambayarsa ko akwai amya kusa da gonarsa. Ya ce akwai. Na ce ya jira sai rana ta kusa faɗuwa, ya bar ciyawar gefen gona ba feshi, kuma kwalba ɗaya ta ishe shi. Ya daɗe yana kallona.

Na ce masa maganin ya fi kamawa haka ne kawai.