Mai Gaida Baba da Safe

Zuwa ga Uwata,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, 'yata, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya aikin asibiti, ya fama da marasa lafiya? Ni lafiya lau, sai gwiwar nan da kika sani.

Kada ganin takarda ya tayar miki da hankali. Wani abu ne ya tsaya mini a rai, na kasa faɗarsa a waya.

Zangon nan na ƙaga wa 'yan ajina labari don mu yi muhawara. Wani birni ne nan gaba, inda hukuma ta ɗauke wa mutane wahalar zumunci. Kowa na da na'urar da ke gaida iyayensa da muryarsa, ta yi barka, ta yi jaje, har ta'aziyya. Matasa sun huta, tsofaffi kuma suna zaune suna hira da bango. Na ɗauka zan ba su tsoro, sai ajin ya kwashe da dariya. Wata yarinya da muke kira Lauya, don ba a ja da ita, ta ce wai Malam ya makara, ai a birnin muke zaune. Yayanta ma yana da manhajar da ke rubuta wa mahaifiyarsu gaisuwa kowace safiya, shi kuwa yana ta barci.

Da na koma gida na jawo kujera bakin taga, na yi ta bin saƙonninki na safe a waya. Ga ladabi, ga addu'a, kullum kafin in gama shayi. Amma Uwata da na sani ba ta gaishe ni ba tare da ta yi mini faɗan sukari ba. Ranar da na rubuta miki cewa na zame a matakalar makaranta, fatan wuni lafiya aka mayar mini.

Ba fushi nake ba. Ki dai gaya mini, ke ce?

Naki,
Baba

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kin samu kin ɗan runtsa.

Na ji daɗin kiranki, ko da yake rabinsa kuka ne. Ki daina ba ni haƙuri. Na gane kina fitowa daga aiki ƙafafu a kumbure, kina tsoron in wayi gari ba wanda ya tuna da ni, shi ya sa kika ɗora wa manhaja gaisuwar. A labarina mugunta na sa wa hukumar. Ban taɓa kawowa tausayi ma zai iya gina birnin ba. Na gaya wa yaran haka, ban ambaci sunanki ba.

Tun da kika kashe manhajar, wayar ta zama bebiya. Ba zan ɓoye miki ba, na riga na saba da saƙonnin. Ina ajiye ta kusa da kofi, in yi ta satar kallonta kamar yaron da ke jiran a buga ƙararrawa. Jiya har na girgiza ta, wai ko ta lalace. Gidan ya yi mini faɗi.

Kin ce in shirun ya yi mini yawa za ki mayar da ita. Ya yi yawa, Uwata. Amma kada ki mayar. In ban ji ki ba, na san kina kan wani majinyaci, ko barci ya kwashe ki da takalmi a ƙafa. Shirun nan aƙalla naki ne.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki mai jira,
Baba