Aron Gida Ranar Kirsimeti

Delhi, 10 ga Disamba

Sosamma, Farfesar tsofaffin duwatsu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan azumin kwana ashirin da biyar na kafin Kirsimeti bai ƙarasa ki ba, ke da ba kya mako guda ba naman agwagwa. Ki gaishe da Mama.

Alfarma nake nema. Na ji ke ce mai zagayawa da baƙi a tsohon cocinku bana. Babana Pathrose zai zo ranar Kirsimeti. Tun muna jami'a kin san asalinmu, ba ki taɓa sa na ji a jikina ba. Abin da ba ki sani ba shi ne, kakana ya shekara talatin yana yankan shinkafa a gonakin cocin nan, kuma daga bayan katanga yake jin addu'a, don a lokacin "sababbin Kirista", wato mu da ake raina asalinmu, waɗanda suka karɓi addinin daga baya, ba sa shiga. Baba yana so ya shiga ta babbar ƙofa kafin gwiwoyinsa su ƙi. Ki kula mini da shi.

Taki,
Omana

Kottayam, 27 ga Disamba

Omana,

Ina gaishe ki, in kina amsawa. Gara ki ji daga bakina.

Baba ya zo da hantsi, farin zanensa ya sha guga. Baƙi sun kai hamsin: Hindu, Musulmi, da Turawa biyu da rana ta gasa. Na nuna musu gicciyen dutse da fitilar man kwakwa, na yi musu jawabina na Almasihu da aka haifa a komin dabbobi, wanda ba ya da babba ba ya da ƙarami. Na iya jawabin nan. Wata Musulma har da share hawaye.

Na riƙe hannun Baba muka shiga ta babbar ƙofa. A nan Kawu Kuriakose, shugaban dattawan coci, ya tare mu da farantin kek. Kin san mutanenmu: kafin su tambayi lafiyarka sai sun tambayi gidanku.

"Sannu da zuwa. Wane gida?"

Baba ya buɗe baki, na riga shi. Na ce, "Gidan Valiyaveedu, Kawu, reshensu na ƙetaren kogi."

Ban san daga ina sunan ya faɗo mini ba. Kawu ya washe baki. "Ashe na gida ne! Kakarmu ta wajen uwa daga can take. Zauna nan gaba, ɗan'uwa. Kai, a kawo shayi!"

Baba ya dube ni sau ɗaya, ya zauna. Kawu ya shiga jero masa dangin da ba nasa ba, wane ya rasu, wance tana Kuwait, shi kuwa yana ta "Allah sarki, Allah sarki." Da Baba zai tafi ya ce mini, "'Yata, jawabinki ya yi daɗi."

Na gaya wa kaina kare shi na yi. Kwana biyu ke nan ina gwada wannan bayanin, ya ƙi zama.

Ki yafe mini.
Sosamma

Delhi, 4 ga Janairu

Sosamma,

Gaisuwa.

Na riga na ji daga bakin Baba. Ba ƙararki ya kawo ba, dariya ma yake yi. Ya ce, "Ƙawarki ta yi mini aure cikin manya ba sadaki." Sai da ya gama dariyar ya gaya mini cewa tun watan Nuwamba yake gwada amsar a gaban madubin aski. Ya san za a tambaya, ai don tambayar ya je. "Pathrose ɗan Chathan, mai yankan shinkafarku." Iyakar abin da ya so faɗa a cikin ginin nan ke nan.

Shekara huɗu muna ɗaki ɗaya, muna ci a kwano ɗaya. Yanzu nake tunanin ranar da na je gidanku, Mama ta tambayi gidanmu, kika ce mata ni 'yar birnin Trivandrum ce, kika yi saurin canja zance. Na ɗauka mantuwa ce.

Omana

Kottayam, 12 ga Janairu

Omana,

Ina gaishe ki da Baba.

Ba mantuwa ba ce.

Jiya bayan sujada na sami Kawu a gindin gicciye, na gaya masa gaskiya duka, har da sunan kakanki. Na shirya wa faɗa. Sai ya yi murmushi yana gyara tabarau.

"Ke yarinya, ni za ki gaya wa? Tun daga ƙafafunsa na gane, ƙafafun mai aikin gona ne. Babu wani reshen Valiyaveedu a ƙetaren kogi. Kin kyauta da kika rufa wa tsoho asiri ranar biki. Tarbiyya ke nan."

Ya shafa kaina, Omana. A gaban mutane.

Ashe mu uku muka zauna muna shan shayi, kowa ya san ƙarya ce, kuma ni kaɗai na ɗauka na yi dabara. Na rubuta littafi guda a kan yadda cocin nan ya ware mutanenku. Ban san ni ce aka bar wa gadin ƙofar ba.

Ba na roƙon ki ce ya wuce. Ki gaya mini abin da zan yi.

Sosamma

Delhi, 20 ga Janairu

Sosamma,

Na karanta wa Baba wasiƙarki ta waya. Ya ce ba zai jira wata Kirsimeti ba, gwiwoyinsa ba su yi masa wannan alkawarin ba. Zai zo Lahadi ta farkon Fabrairu. Ki sa Kawunki ya tsaya a ƙofa ya sake tambaya, ke kuma ki tsaya a gefensa ki yi shiru.

Ya ce in gaishe ki. Tawa gaisuwar sai na ji yadda kuka yi.

Omana